Aikin Mai Zanen Gine-gine da Amanar da Ke Wuyansa

Gabatarwa

Duk inda mutum ya duba a biranen ƙasar nan, daga Legas zuwa Maiduguri, daga Fatakwal zuwa Sakkwato, zai ga ana ta haƙa harsashin gini. Wannan na gina gidan zama, wancan na gina shaguna, gwamnati kuma na gina makarantu da asibitoci. Jama'a sun san birkila da kafinta da lebura, domin su ake gani cikin rana suna ɗaukar bulo suna kwaɓa siminti. Amma akwai wani ma'aikaci wanda aikinsa ke farawa tun kafin a kafa fegi na farko, ba ya kuwa ƙarewa sai an miƙa wa mai gida mabuɗi. Shi ne mai zanen gine-gine, wanda ma'aikatan gini ke kira akitek.

An shirya wannan darasi domin mutum biyu. Na farko shi ne ɗan ƙasa mai niyyar yin gini, don ya san abin da zai nema daga mai zane da kuma haƙƙin da mai zane yake da shi a kansa. Na biyu shi ne ɗalibi mai sha'awar wannan sana'a, don ya san irin kayan da zai ɗauka kafin ya kai hannu gare su.

Sana'a ce mai tsohon asali

Tsara gini kafin a yi shi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A biranen ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, wanda ke shugabantar masu sana'ar, yana duba aikinsu, yana kuma raba gardama tsakaninsu. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, shaida ne ga zurfin ilmin waɗannan magina. Da tubali da azara suka ɗaura bakan gizo, suka rufe ɗakuna masu faɗi da tsawo. Magini na wancan zamani yakan riƙe tsarin ginin a kansa, ya shata shi a ƙasa da ƙafarsa, ya kuma tsaya a kan aikin da kansa har ya ƙare.

Da siminti da rodi da benaye suka shigo, sai aikin ya rarrabu, ya zama tilas a sa tsarin a takarda. An fara koyar da zanen gine-gine na zamani a kwalejin kimiyya da fasaha da ke Ibadan a 1952, aka mayar da sashen Zariya a 1955, ya kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Nijeriya, watau NIA, an kafa ta a 1960. A 1969 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi Doka mai lamba 10, wadda ta kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine, da aka fi sani da ARCON. Bisa ga wannan doka, laifi ne mutum ya kira kansa akitek ko ya yi aiki da wannan suna in ba shi da rajista.

Hanyar shiga sana'ar

Hanyar tana da tsawo. Ɗalibi yana bukatar ƙarfi a lissafi da kimiyyar fiziks tun daga sakandare, in kuma yana da hannun zane, to, madalla. A jami'a yakan yi shekara 4 don digiri na farko, ya ƙara shekara 2 don digiri na biyu. Yawancin karatun a ɗakin zane ake yinsa, inda ake ba ɗalibi aikin tsara kasuwa ko asibiti ko tashar mota, ya kwana yana zane, sa'an nan ya manna aikinsa a bango ya tsaya gaban malamai yana kare shi. Ana koya masa tarihin gine-gine, da halin kayan gini, da yadda nauyi ke sauka daga rufi zuwa ƙasa, da sha'anin iska da haske da ruwa, da dokokin kwangila.

Bayan jami'a da hidimar ƙasa, sai ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki ƙarƙashin wanda ya riga shi samun rajista, sa'an nan ya zauna jarrabawar ƙwarewa. In ya ci, sai a sa sunansa cikin rajista, a ba shi lamba da hatimi. Wannan hatimi shi yake bugawa a kan zanensa, ma'anarsa kuwa ita ce ya ɗauki alhakin abin da ke cikin takardar.

Kashi na farko na aikin: sauraro da duba fili

Mutane da yawa suna zaton mai zane yini yake yi yana jan layi. Gaskiyar magana, zane kashi ɗaya ne cikin aikinsa, kuma ba da shi yake farawa ba. Da sauraro yake farawa.

Alal misali, a ce wani ma'aikaci ya tara kuɗinsa ya sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100, ya zo yana so a zana masa gida. Mai zane zai tambaye shi: mutum nawa za su zauna a gidan? Mata nawa, yara nawa? Akwai tsohuwa wadda hawan bene zai wahalar? Ana so baƙi maza su tsaya a zaure ko falon waje ba tare da sun hango cikin gida ba? Da itace za a riƙa girki, ko da gas? Akwai niyyar ƙara bene nan gaba? Daga ƙarshe sai tambaya mai nauyi: nawa ne a hannu? A nan ne sau da yawa ake samun saɓani, domin burin mai gida yakan fi aljihunsa girma. Wajibin mai zane ne ya gaya masa gaskiya tun ranar farko, ko da ba za ta yi daɗin ji ba.

Daga nan sai ya tafi ya ga filin da idonsa, domin gani ya kori ji. Zai duba takardar safiyo ya tabbata iyakokin sun dace da abin da ke ƙasa. Zai lura da inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa, da inda iska ke busowa, da gangaren da ruwan sama ke bi, da inda hanya da wayar lantarki suke. Zai kuma kula da irin ƙasar wurin. Baƙar laka irin ta wasu sassan arewa maso gabas takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta tsaga bangon da aka ɗora mata. Ƙasar bakin teku, kamar ta wasu sassan Legas da yankin Neja Delta, tana da ruwa da taushi, har babban gini yakan bukaci a kafa masa turaku na kankare can cikin ƙasa. Saboda haka ne mai zane yakan nemi a gwada ƙasa kafin a yi bene, kuma saboda haka ne zanen da ya yi daidai a wani fili yakan zama hatsari a wani.

Kashi na biyu: zane da neman izni

In ya gama tattara waɗannan bayanai, sai ya yi zanen farko, wanda ke nuna yadda ɗakuna za su jeru. A nan ake ganin amfanin ilminsa. Ƙasarmu ƙasar zafi ce, don haka yakan yi ƙoƙari dogayen bangaye da manyan tagogi su fuskanci kudu da arewa, domin ranar hantsi da ta la'asar su ne ke dukan bangon gabas da na yamma. Yakan sa tagogi a bango biyu na ɗaki don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Yakan zazzago bakin rufi ya yi wa bango inuwa ya kuma kare shi daga feshin ruwa. Yakan nisanta salga daga rijiya. Gidan da aka tsara haka yana rage wa mai shi kuɗin lantarki da na magani har tsawon rayuwarsa.

Mai gida zai duba, ya ce a ƙara nan, a rage can. Uwargida ma za ta faɗi nata, wanda sau da yawa ya fi na kowa amfani game da madafa da tsakar gida. Za a yi ta gyara har a daidaita. Gyara a takarda ba ya cin kome sai lokaci, amma gyara bayan an ɗora bulo sai da guduma.

Bayan an amince, sai a shiga cikakken zane na aiki. Galibi ana yinsa bisa ma'aunin 1 cikin 100, watau santimita 1 a takarda daidai yake da mita 1 a ƙasa. A da da fensir da tawada ake yi a kan allon zane, yanzu kuwa da kwamfuta ake yi, har ma a nuna wa mai gida siffar gidansa kamar an riga an gina. Cikin waɗannan takardu ake nuna kaurin kowane bango, da tsawon kowace ƙofa, da yawan matakala, tare da rubutaccen bayanin irin kayan da za a yi amfani da su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai zane shi ne jagora, amma yana aiki da wasu ƙwararru, kowa da fanninsa da hukumar da ke yi masa rajista. Injiniyan ƙarfin gini shi ke lissafa girman harsashi da ginshiƙai da yawan rodin da za a sa. Injiniyoyin lantarki da na famfo su ke tsara wayoyi da bututu. Mai ƙididdigar kayan gini shi ke fitar da yawan buhunan siminti da bulo da kwano, da jimlar kuɗin. Mai zane shi ke haɗa aikinsu duka, ya tabbata ginshiƙin injiniya bai faɗo a tsakiyar ƙofa ba, bututun bayan gida kuma bai ratsa ta falo ba.

Sa'an nan sai a kai takardun ga hukumar tsara birni don neman izni, tare da takardar shaidar mallakar fili. A Kano akwai KNUPDA, a Kaduna akwai KASUPDA, a Abuja akwai sashen kula da gine-gine na Babban Birnin Tarayya, haka kowace jiha da tata hukuma. Suna duba ko an bar tazarar da doka ta ce tsakanin gini da hanya da maƙwabta, da ko ginin ya tare magudanar ruwa. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Har wa yau, dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta wajabta a yi wa gine-ginen jama'a hanyar da mai keken guragu zai iya shiga. Duk waɗannan sai mai zane ya san su.

Kashi na uku: wurin gini

Ranar da aka fara haƙa harsashi, rayuwar mai zane takan rabu biyu, rabi a ofis, rabi cikin ƙura da rana da hular kwano a kansa. Ɗan kwangila shi ke yin ginin, shi ke da ma'aikata da kayan aiki. Mai zane kuwa yana zuwa lokaci lokaci ya duba ko abin da ake ginawa shi ne abin da aka zana, ya rubuta umarni in ya ga kuskure.

Akwai lokatai da zuwansa tare da injiniya ya zama tilas, musamman kafin a zuba kankare, domin da zarar an zuba, rodin da ke ciki ya ɓuya ke nan har abada. Ga kaɗan daga abubuwan da ake dubawa:

1. Ko zurfin harsashi da faɗinsa sun kai abin da aka rubuta.
2. Ko kaurin rodi da yawansa da tazararsa daidai suke da zanen injiniya.
3. Ko ana kwaɓa kankare bisa ƙa'ida. Wani awo da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4.
4. Ko bulon yana da ƙarfi, ko kuwa irin wanda ke marmashewa a hannu ne saboda an tsuke masa siminti.
5. Ko ana ba kankare ruwa bayan an zuba shi, kuma ba a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da shi ba. A kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare, kuma a manyan ayyuka akan ɗebi samfurinsa a kai ɗakin gwaji.

A ayyukan kwangila, mai zane ne ke sa hannu a takardar da ke shaida cewa ɗan kwangila ya yi aiki na kuɗi kaza, a biya shi. Wannan shi ne wuri mafi santsi a sana'ar. Mai gida ne ya ɗauke shi, amma ƙa'idar aiki ta ce ya yi adalci ga ɓangarorin biyu. Ɗan kwangila na iya matsa masa ya sa hannu a aikin da bai kammala ba, har da alkawarin goro. Mai gida kuma na iya matsa masa ya ƙi sa hannu a aikin da aka yi da kyau, don dai ya jinkirta biya. Mai zane na ƙwarai yakan tsaya a kan abin da idonsa ya gani da abin da takarda ta ce. Bayan an gama gini, akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wani lokaci, galibi wata 6, don in wani aibu ya bayyana ya dawo ya gyara.

Wahalhalun sana'ar

Wanda zai shiga wannan aiki ya kamata ya san ɗacinsa. Na ɗaya, aikin ba ya zuwa daidai wa daida. Wata shekara ayyuka su yi yawa har barci ya gagara, wata shekara kuma ofis ya yi tsit, domin in tattalin arziki ya yi rauni, gini ne abin da mutane ke fara dakatarwa. Na biyu, biyan lada yakan yi jinkiri, wasu ma su karɓi zanen farko da sunan za su je su yi shawara, ba a sake ganinsu ba sai dai a ga gini ya tashi. Na uku, farashin siminti da rodi yakan tashi ana tsakiyar aiki, ƙiyasin da aka yi ya rushe, a dawo ana neman inda za a rage ba tare da an taɓa ƙarfin ginin ba. Na huɗu, akwai gasar masu zane marasa rajista, waɗanda ke kwafo zanen wani gida su sayar da araha. Na biyar, da yawa daga abin da mai zane ya ɓata dare yana tsarawa ba a taɓa gina shi ba.

Duk da haka, aikin yana da daɗin da ba kowace sana'a ke da shi ba. Mutum ya wuce ta wata unguwa bayan shekara 20, ya ga yara suna karatu cikin aji mai iska da haske wanda shi ya tsara, wannan lada ne da ba ya shiga lissafin kuɗi. Daɗin daɗawa, duniya ta fara girmama masu zane na Afirka da ke aiki da kayan gida. A 2022 Francis Kéré, ɗan ƙasar Burkina Faso, ya sami lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni, a 2023 kuma aka karrama Demas Nwoko na Nijeriya a babban bikin nunin gine-gine na birnin Venice a Italiya.

Abin da ke faruwa in aka yi sakaci

Dalilin da ya sa gwamnati ta sa doka a kan wannan sana'a shi ne rayukan mutane. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, aka rasa mutum 22, yawancinsu ɗalibai.

Abubuwan da kan jawo rushewar gini sanannu ne: yin gini ba tare da zanen ƙwararru ba, ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba, rage siminti da rodi, gaggawa, da rashin mai duba aiki. Sau da yawa mai gida yakan biya kuɗin zane don ya sami izni kawai, sa'an nan ya sallami mai zane, ya bar aikin a hannun wanda ba ya iya karanta takardar. Kuɗin da ya ga kamar ya tsimi kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin ginin duka, balle a gwada shi da rai. Araha ba ta ado.

Shawara ga mai niyyar gini

1. Ka nemi mai zane mai rajista. Tambaye shi lambar rajistarsa, ka kuma tabbatar da ita daga hukumar ARCON.
2. Ku rubuta yarjejeniya tun farko: aikin da zai yi, ladansa, da lokacin biya.
3. Ka gaya masa gaskiyar abin da ke hannunka. In kuɗin bai kai ba, zai tsara maka ginin da za ka yi kashi kashi.
4. In kana da niyyar ƙara bene nan gaba, faɗa tun yanzu, don a yi harsashin da zai ɗauka.
5. Kada ka fara gini sai ka sami izni a rubuce.
6. Ka bar mai zane da injiniya su duba aikin har ƙarshe, kada kuma ka sāke kome a wurin gini sai da saninsu.
7. In ka ga tsaga a bango ko ginshiƙi, ko a gidanka ko a makarantar 'ya'yanka, ka sanar da hukuma nan da nan. Rigakafi ya fi magani.

Ga matasa maza da mata masu sha'awar sana'ar kuwa, ƙasar nan tana bukatarku, domin jama'a na ƙaruwa, birane na faɗaɗa. Ku riƙe lissafi da zane, ku riƙa lura da gine-ginen da ke kewaye da ku, tsofaffi da sababbi, ku tambayi magina dalilin abin da suke yi. Ku kuma koyi cewa a'a cikin ladabi, domin rana za ta zo da za a nemi ku sa hatiminku a kan abin da kuka san bai dace ba.

Tambayoyi don bita

1. Wace hukuma ce ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, kuma a wace shekara aka kafa ta?
2. Me ya sa zanen da ya dace da wani fili ba lalle ya dace da wani ba?
3. Kawo ƙwararru uku da ke aiki tare da mai zane, ka faɗi aikin kowannensu.
4. Me ya sa ake duba rodi kafin a zuba kankare?
5. Kawo abubuwa huɗu da kan jawo rushewar gini, ka bayyana yadda mai gida zai guje musu.